Ragon da Na Yanka wa Inna

Ni na je na ɗauko Inna na kawo ta Damagaram, ni na shimfiɗa mata tabarma a zaure, ni na ce nan za ta zauna. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta ya ɗora wa matata laifi, ko ƙanwata, ko masu babbaka na bakin lungu. Da ƙafarta ta shigo gidana tana numfashi kamar kowa. Kafin a gama sallar la'asar ranar Layya, numfashin nan shi muke nema mata ido rufe.

Ni mushe ne, haka ake kiran malamin lekwal a wajenmu, wato makarantar boko, kuma duk wanda ya zauna ajina zai gaya maka zuciyata a kusa take. Ba na musu. Inna kuwa tana ƙauyenmu, can bayan Tirmini, tun rasuwar Baba ta ƙi barin ɗakinta da ƴar gayaunarta. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka kunyata take ji irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana baki da baki. In tana so in ji abu, sai ta faɗa wa ƙanwata ina zaune a wurin: "Ki ce wa yayanki kaza." In babu kowa, bango take faɗa wa, ni in tsinta. Haka na buɗe ido na tarar, ban taɓa ganin aibinsa ba. Tana da ɗan tari, irin na tsofaffin matan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a gaban murhun kara, in ta hau tudu takan tsaya ta huta. Babu wanda ya taɓa kiran wannan ciwo a gidanmu.

A shekarar nan Allah ya hore mini raguna biyu, ɗaya nawa, ɗaya da sunanta. Tunda aka haife ta ba a taɓa kayar da rago an ce nata ne ba. Na Baba ake yankawa in an samu, in ba a samu ba a ci na maƙwabta. To ni fa na ƙudurta sai ta gani da idonta. Saura kwana biyu Salla na shiga mota na je ƙauye. Ta ce wa ƙanwata, "Ki ce masa sama ta fara haɗa hadari, in ruwa ya sauka wa zai yi mini shuka?" Na ce kwana uku ne kawai. Ta ce a aiko mata da naman ya isa. Nan raina ya ɓaci, na ce ashe ban isa uwata ta taka gidana ta yi Salla ba, sai dai in riƙa aike kamar bare. Da gari ya waye na tarar ta ɗaure kayanta a ɗankwali, ƙanwata ma ta shirya za ta rako ta.

Wanda bai taɓa yin Layya a garinmu ba, bari in gaya masa yadda muke yi. Mu ba ma daddatsa rago mu soye shi a ranar. In an feɗe, an cire kayan ciki an miƙa wa mata, sai a buɗe ragon a baje shi a kan sanduna biyu gicciye. Maƙwabta su tara itace wuri guda a tsakiyar hanya, a hura babbar wuta, a jingina ragunan kewaye da ita. Haka za su wuni suna shan wuta, kitse na ɗiga, har rana ta faɗi, kuma ba a sa musu wuƙa sai washegari, ranar rabo. Kowane lungu da wutarsa, wani biyu, wani uku, daga unguwar Birni har ta Zango.

Lungunmu a Birni yake, matsattse, da dogayen katangu hagu da dama. Kullum a ƙofar Alhaji ake hura tamu wutar, wani Bakano mai sayar da yadi da ya daɗe a cikinmu, don wajensa ya fi fili. Ni na tayar da rigima na ce bana sai a ƙofata. Alhaji ya ce, "Mushe, wajenka ya matse, hayaƙi ba zai sami hanyar fita ba." Na ce, "Haba Alhaji, hayaƙin Layya ya taɓa kashe wani ne?" Haka na faɗa, wallahi, da bakina, mutane suna dariya. Ya ɗaga hannu ya ce shi ke nan, a yi yadda na ce.

Ranar ta zo da zafi mai ɗanko. Hadari ya taru a gabas ya tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Muka sauko daga idi muka yanka, kafin azahar an jera raguna tara a ƙofata. Itacen da muka samo bai gama bushewa ba, sai ya fi yin hayaƙi a kan ci. Hayaƙin ya ɗan tashi, ya rasa iskar da za ta kwashe shi, ya dawo ya kwanta cikin lungu. A bakin hanya kuma masu babbakar kai da ƙafa suka kunna tsofaffin tayoyin mota, don taya ta fi itace saurin cinye gashi. Nasu hayaƙin baƙi ƙirin ne, mai ɗaci a maƙogwaro, ya biyo lungu ya haɗu da namu. Ni ma can na aika kawunan ragunana.

Na ɗauko sabuwar tabarma na shimfiɗa a zaure, daidai bakin ƙofa, inda in ka zauna ragunan suna gabanka. Na sa aka matso da nata ya fuskanci ƙofar. Na leƙa cikin gida na ce wa ƙanwata, "Fito da Inna ta ga abinta." Ta fito cikin sabuwar atamfa, ta zauna, ta ja mayafi. Maƙwabta suna zuwa suna durƙusawa suna yi mata barka da Salla, ana nuna mata: "Inna, ga naki can, mai kitsen nan." Ni kuwa ina bakin wuta ina gyara itace, ina satar kallonta, daɗi kamar ya kashe ni. Ban taɓa jin na zama mutum ba irin wannan ranar.

Zauren nan ba shi da taga. Ƙofa biyu gare shi, ta waje da ta cikin gida. Hayaƙin da ya rasa hanya a lungu ta nan yake bi ya shige, ita kuma tana zaune daidai kan hanyarsa. Na ga tana tari cikin mayafi, amma ai kowa tari yake. Idanunmu duka sun yi ja suna ruwa, ni kaina na ciwo, maƙogwarona na zafi, muna yi wa juna ba'a muna cewa wanda bai yi kuka ba ba zai ci nama ba.

Wajen ƙarfe biyu ƙanwata ta zo ta tsaya a bayana. Daidai lokacin wani rago ya zame, kitsensa ya kama wuta, ina ta masifa ana ɗaga shi.

Ta ce, "Yaya, hayaƙin nan fa, Inna..."

Ban bar ta ta ƙarasa ba. Na juyo na ce, "Ke wai ba ki iya ganin abin arziki ba ne? Shekara nawa tana cikin hayaƙin kara bai hana ta komai ba, sai yau? Ita ta ce miki ta gaji?"

Ta ce, "Ba ta ce ba."

Na ce, "To ɓace mini da gani."

Ka ji tambayar banza. Ta yaya za ta ce? Ɗan farinta ya shimfiɗa mata tabarma a gaban jama'a, ya ce ga wurinki. Ta tashi ta bar wurin, a ganinta ta watsa masa ƙasa a ido. Ta kira shi ta ce ƙirjina, wannan kuma bakinta bai taɓa koya ba. Matata ma ba za ta zo ta ce wa surukarta tashi ba, tana can tsakar gida kan suyar kayan ciki, cikin nata hayaƙin. Mutum ɗaya ce a gidan nan za ta iya kawo mini maganar, ita kuma na kore ta.

Muna sallame la'asar a kan tabarmi a ƙofar gida, Alhaji ya taɓa ni ya ce, "Mushe, dubi tsohuwar nan." Na duba. Ta dafa tabarma da hannu biyu ta sunkuya, kafaɗunta na hawa da sauka, wani siririn fito na fita daga ƙirjinta, ina jin sa daga inda nake. Mayafin ya zame ba ta gyara ba. Ban taɓa tsayawa na kalli fuskar Inna haka ba a rayuwata. Gumi ya jiƙa ta sharkaf, leɓenta ya yi toka-toka.

Na ƙwala wa ƙanwata kira, muka kama ta muka shigar da ita ɗakin da aka sauke ta. Matata Babarbariya ce, a wurinsu karrama baƙo turaren wuta ne. Tun safe ta rufe taga da ƙofar ɗakin don kada ƙaurin babbaka ya shiga, ta ajiye kasko a lungun gado tana ta zuba turarenta mafi kyau, wanda ko ni ba ta ƙona mini. Muna buɗe ƙofa ƙamshi ya buge mu, ɗakin ya turnuƙe har ba ka ganin bango sosai. Ni kuwa, Allah ya gani, daɗi na ji. Na ce yauwa, nan ya fi, a rufe ƙofa. Matata ta ƙara ɗan turare a kan garwashin ta ce zai buɗe mata ƙirji. Babu wanda ya kawo a ransa cewa abu mai ƙamshi ma hayaƙi ne.

Muka kwantar da ita, ta ƙi kwanciya. Ta zabura zaune tana jan wuyan rigarta, bakinta a buɗe, idanunta waje. Fiton nan da nake ji ya ragu, na ɗauka sauƙi ne, ashe iskar ce ta daina wucewa. Ƙanwata ce ta fara ganewa. Ta ɗauki kaskon da hannu haka da zafinsa ta wurga tsakar gida, ta banke taga, ta juyo kaina tana kuka ta ce, "Yaya, kashe ta za mu yi! A kai ta likita!" Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

Alhaji yana da mota, amma tana can bakin gudron, wato kwalta, don wuta ta tare lungu tun safe. Tsakaninmu da ita akwai wutarmu, akwai wata a gaba, akwai masu taya. Babu amalanke, babu babur ɗin kabu-kabun da zai shigo. Na durƙusa na ce a ɗora mini ita a baya. Ka san ko a wannan hali sai da ta sa hannu ta ture kafaɗata? Ba ta da numfashin magana, amma tana da na kunya. Na ce, "Inna, yau kam sai dai ki yi haƙuri." Ƙanwata ta jiƙa mayafi a randa ta yafa mata a fuska, na miƙe da ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ƙara tsorata ni.

Na ratsa ta gefen ragunan, zafin wuta na dukan ƙafata, ina ihu a ba ni hanya. Wani ya tsaya yana tambayar lafiya, na zage shi, har yau ban san ko wane ne ba. Ƙirjinta na manne da bayana, ina jin yadda yake fizga, ya tsaya, ya sake fizga. Duk tsayawar da ya yi sai in ce shi ke nan. Da muka iso wajen masu taya hayaƙin ya rufe hanya baki ɗaya, ban ga ko ƙafata ba. Na riƙe numfashina na kutsa, ina tunanin ita ba ta da wanda za ta riƙe.

A mota kuma wata sabuwa. Mu ɗaga gilashi zafi ya dafa ta, mu sauke hayaƙi ya shigo, don garin duka haka yake. Kowace kwana wuta, kowace kwana raguna a jere, mutane cikin sababbin kaya suna tsallaka hanya a hankali abinsu, ƴan kabu-kabu sun ɗaure hanci da rawani suna kutsawa. Rana ta koma ja kamar garwashi, ana kallonta ido ba ya zafi. Alhaji ya danne oda bai ɗaga ba. Ni na fito da kai ta taga ina zage-zage ranar Salla, ƙanwata na baya ta tallabe Inna tana cewa, "Ja, Inna, ja kaɗan, mun kusa." Alhaji bai ce mini ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

A likita, wato asibiti, muka tarar ba mu kaɗai ba ne. Tsofaffi a kan benci sun dafa gwiwa, mata riƙe da jarirai masu tari kamar za su shiɗe, wani ƙato majiyi ƙarfi yana zaune a ƙasa yana haki. Wata ma'aikaciya ta kalli leɓen Inna sau ɗaya ta ce a wuce da ita ciki. Suka kifa mata robar iska a hanci da baki, suka yi mata allura, suka ɗaura ƙarin ruwa. Na tsaya bakin ƙofa ina jira.

Likitan da ya duba ta ya fito ya ce, "Tun yaushe take cikin hayaƙi?"

Na ce tun azahar.

Ya ce, "Ba wanda ya tashe ta?"

Na ce, "Ni na zaunar da ita."

Ya dube ni, bai yi faɗa ba. Ya ce abin da ido ke gani a hayaƙi ba shi ya fi illa ba. Akwai ɓurɓushi a cikinsa da ya fi garin tuwo laushi nesa ba kusa ba, hanci ba ya tare shi, yana wucewa can ƙasan huhu, har cikin jini. Mai ƙarfi zai yi tari, kansa ya yi ciwo, gobe ya wartsake. Amma tsoho mai tsohon tari, ko mai raunin zuciya, wuni guda ya ishe shi. Ya ce hanyoyin iskarta sun kumbura sun matse, zuciyarta kuma tana aikin da ya fi ƙarfinta. Na gaya masa maganar turare, ya girgiza kai ya ce huhu bai san ƙamshi ba. Na tambaye shi za ta tashi? Ya ce suna yin abin da za su iya, mu yi addu'a.

Zuwa magariba numfashin ya ɗan daidaita. Aka ce mace ɗaya za ta kwana da ita, ƙanwata ta zauna, hannunta naɗe da bandeji saboda ƙunar kasko.

Ana sallame asuba na koma. Na tarar an jingina ta da matashi, robar na fuskarta, idonta biyu. Launin leɓenta ya ɗan dawo. Na durƙusa wajen ƙafafunta, na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta juya fuska wajen bango. Ta ɗaga robar da yatsa biyu, ta yi wa ƙanwata magana, kalma ɗaya ta huta, kalma ɗaya ta huta.

Ta ce, "Ki ce wa yayanki yau ranar rabo ce. Ya je ya raba wa mutane namansu, kada zafin nan ya lalata shi."

Na ce ba inda zan je, Alhaji zai raba.

Ta ce, "Ki ce masa nawa shi zai raba da hannunsa. Ki ce na ce ya je."

Na nemi ma'aikaciyar nan na tambaye ta. Ta ce ta fi jiya, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na koma na tsaya, Inna ba ta juyo ba. Jiya na tilasta mata abin da nake so, na ga inda ya kai mu. Yau ta ce in je, sai na tafi.

Lungu ya cika da toka, ƙauri bai fita ba. An shigar da ragunana zaure an kwantar a kan buhu. Na zauna na ɗauki wuƙa na fara da nata. Matata na gefe tana miƙo kwanoni, idonta a kumbure. Na ware na maƙwabta, na ware na liman, na ware cinya guda ta kawunmu na ƙauye. Matan unguwa da ba su samu yankawa ba suka fara taruwa a bakin ƙofa, ina yanka ina zuba musu, suna cewa Allah ya ba Inna lafiya, ina cewa amin.

Salula ta yi ƙara a aljihuna. Hannuna duk kitse, matata ta ciro ta kara mini a kunne. Ƙanwata ce.

Ta ce, "Yaya." Ta sake cewa, "Yaya, Inna ta cika."

Na ce, "Yanzu fa na baro ta. An ce ta fi jiya."

Ta ce, "Kana fita ta ce in leƙa in ga ko ka tafi. Na leƙa na ce ka wuce ƙofar waje. Ta ce to madalla. Sai ta ce in riƙe mata hannu."

Ashe ta sani. Ta san abin da ke zuwa, ta ƙi yarda in tsaya in gani, ta nemo mini aiki ta tura ni. Matata ta ji, ta saki salular ta faɗi a kan buhu, ta rushe da kuka. Ni kukan ma ya ƙi zuwa, sai baƙin ciki da jin haushin kaina, wanda har yau bai sauka ba.

Saura mata uku a bakin ƙofa riƙe da kwanoni, sun yi cirko-cirko, ba su san ko su tafi ko su tsaya ba. Wuƙar tana hannuna. Na ce su matso. Na yanka na zuba wa kowacce nata, sannan na tashi na wanke hannu.